Furen balan-balan ko furannin da suka saba da zafi: wanne ya dace da ƙaramin gida a Kaduna?

Mai ƙaramar farfajiya a Kaduna, ko mai baranda a gidan haya, ko wanda abin da ya rage masa bai wuce 'yar tazarar da ke tsakanin katanga da daben siminti ba, ba shi da wurin dasa bishiya, don haka hankalinsa kan koma ga gajerun furanni waɗanda tsayinsu bai kai gwiwa ba. Daga cikin irin waɗannan, furen balan-balan yana cikin masu ɗaukar ido a hotunan da masu sayar da iri ke yaɗawa a intanet, kuma galibi ana tallarsa da cewa ba shi da wahalar reno, yana kuma shafe shekaru yana fure ba tare da an sake dasa shi ba. Wannan magana gaskiya ce a ƙasashen da ake hunturu mai ƙanƙara, amma Kaduna ba ta cikinsu. Saboda haka kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya jera wannan baƙon fure da waɗanda masu renon furanni na bakin titi suka daɗe suna sayarwa a garin nan, ya auna su duka da ma'auni ɗaya.

Abubuwan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya rinjayi sauran gaba ɗaya, shi ne ko shukar za ta iya ƙetare tsanani iri biyu da yanayin Kaduna ke ɗora wa kowane tsiro a shekara. Na ɗaya shi ne rani: daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da tukunya cikin yini guda tana kuma lulluɓe ganye da ƙura, sannan a Maris da Afrilu zafin bazara ya haura digiri 35, dabe da katanga su riƙe zafin har bayan magariba. Na biyu kishiyar wannan ne, wato marka ta watan Agusta, lokacin da kaso mai yawa na ruwan shekara, wanda ya kai kimanin milimita 1,200, ke sauka a jere har ƙasa ta kwana ta wuni ba ta tsane ba. Akwai shukar da ke jure na farko ta ruɓe a na biyu, akwai kuma wadda ke son damina amma bazara ta ƙone ta, kuma mai sayarwa ba ya cika faɗin wannan sai an tambaye shi.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba. A unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa a kai a kai, inda ake dogara da bohol ko 'yan ga-ruwa, shukar da ke neman ban-ruwa safe da yamma tsawon wata biyar tana iya cin abin da ya ninka farashinta. Na uku shi ne daɗewa: shekara ɗaya ce ta mutu, ko za ta zauna? Na huɗu shi ne sauƙin reno da sauƙin yaɗawa, domin shukar da ake karya reshenta a soka a ƙasa ta kama, sau ɗaya ake sayenta. Na biyar shi ne haɗari, wanda ya haɗa da cuta da ƙwari, da kuma abin da ya fi su muhimmanci a gidan da ke da ƙananan yara da kaji da awaki, wato guba.

Furen balan-balan

Sunansa na kimiyya Platycodon grandiflorus, kuma asalinsa gabashin Asiya ne: Sin da Koriya da Japan da gabashin Rasha. Kafin ya buɗe, ganyayyakin furen guda biyar suna manne da juna, tohon ya yi ta kumbura da iska a ciki har ya kai girman kan babban yatsa ko fiye, launinsa yana juyawa daga kore-kore zuwa shuɗi, sannan wata safiya ya tsage ta layukan da suka haɗe ya zama tauraro mai kusurwa biyar, da jijiyoyi masu duhu a jikinsa. Akwai fari da ruwan hoda, amma shuɗin mai sirkin shunayya shi ne abin da ya sa ake nemansa, domin launi ne da ke da wuyar samu a furannin ƙasashen zafi. A Koriya ana cin saiwarsa bayan an jiƙa ta an cire ɗacinta, a Sin kuma tana cikin magungunan tari na gargajiya, sai dai wanda aka rena don ado ba a yi shi domin ci ba.

Nau'o'insa sun bambanta ta fuskar tsayi. Sentimental Blue da jerin Astra, wanda ke da shuɗi da fari da ruwan hoda, su ne gajeru, ba su cika wuce santimita 15 zuwa 25 ba, kuma su ne ke yin fure a shekarar da aka shuka irinsu, cikin wata uku zuwa huɗu. Mariesii yana kai santimita 30 zuwa 45. Jerin Fuji ya fi su tsawo, yana kai rabin mita ko fiye, yana kuma kwantawa idan ba a tokare shi da kara ba. Akwai Komachi, wanda tohonsa ba ya buɗewa, yana zama a kumbure har ya bushe. Ga mazaunin Kaduna, gajerun nan biyu ne kaɗai suka cancanci gwaji, kuma dalilin yana cikin yadda shukar ke rayuwa.

A ƙasarsa, furen balan-balan yana bushewa har ƙasa idan sanyi ya shigo, saiwar ta yi watanni tana barci a ƙasa mai sanyi ƙwarai, sannan ta sake toho a makare bayan ƙanƙara ta narke. Wannan barcin shi ke ba ta ƙarfin shekara mai zuwa. Sanyin Kaduna, ko a daren da ya fi tsanani a Disamba da Janairu, bai kai inda zai ba ta wannan hutu ba, kuma da zarar ya wuce sai zafin bazara ya biyo baya. Don haka duk wanda ya saye shi da fatan zai shekara biyar a tukunya ɗaya, mai yiwuwa ne ya sha takaici. Mutanen Jos, da ke tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kusan ninki biyu na Kaduna, sun fi mu damar riƙe shi.

Hanyar da na fi ganin hikimarta ita ce a ɗauke shi a matsayin furen sanyi ɗaya. A shuka irin a farkon Oktoba da ruwa ya fara janyewa, domin furen ya faɗo a Janairu da Fabrairu kafin zafi ya kankama. Irin ƙanana ne kuma yana buƙatar haske kafin ya tsiro, saboda haka ba a binne shi. A barbaɗa shi a kan ƙasa mai laima, a danna da tafin hannu, a riƙa yayyafa ruwa a hankali, zai fito cikin mako biyu zuwa uku. Saiwarsa guda ce mai kauri da ke nutsawa ƙasa, mai saurin karyewa, kuma ba ta son a taɓa ta, don haka a shuka shi kai tsaye a tukunyar da zai zauna, mai zurfin aƙalla santimita 25 da huda isasshiya a gindi. A ajiye shi inda zai sha hantsi ya samu inuwa daga azahar. Idan fure ya yi yaushi a tsinke shi shi kaɗai, a bar karan, domin sauran toho suna jere a jikinsa.

Ta fuskar kuɗi, yana cikin masu tsada, domin irin daga waje ake kawo shi, farashinsa yana bin canjin dala, ga kuma yiwuwar a aiko wa mutum tsohon iri ko wanda ba shi ne aka nuna a hoto ba. Haɗarinsa babba shi ne ruɓewar saiwa a damina, sai dodon koɗi da ke cinye sabon toho da dare.

Binka

Wannan ita ce Catharanthus roseus, 'yar asalin Madagaska, mai ganye kore shar mai sheƙi da fure fari ko ruwan hoda mai ɗigo a tsakiya, wadda ake gani a harabar makarantu da asibitoci har ma a tsagin dabe. Ita ce mafi araha bayan fotulaka, sau da yawa ma kyauta ake samunta a wurin maƙwabci, tun da tana zubar da iri yana fitowa da kansa. Zafin Maris ba ya damunta, kuma a ƙasashen zafi tana wuce shekara tana fure ba hutu, ko da yake bayan shekara ta biyu karanta kan yi tsawo ya tsiraita daga ƙasa, sai an datse. Rauninta damina ce: idan ruwa ya kwanta mata, ko aka cunkushe ta har iska ba ta ratsawa, wata cuta kan kama kara ya yi baƙi, reshe ya yi yaushi cikin kwana kaɗan. An samar da jerin Cora musamman domin jure wannan cuta, amma tsohuwar binkar gida ma tana tsira idan an ɗaga mata kunya ko an sa yashi a tukunya.

Sai dai akwai gargaɗi. Dukan jikinta yana da guba idan aka ci. Daga cikinta ne masana a Kanada suka tace sinadarin binblastin a 1958, wanda ake amfani da shi wajen maganin ciwon daji, kuma wannan ƙarfi nata shi ne dalilin da ya sa ba a dafa ganyenta a sha a gida, komai abin da aka ji ana faɗa.

Fotulaka

Ita ce wadda wasu ke kira furen ƙarfe goma, domin sai hantsi ya dubi ludayi take buɗewa, da yamma kuma ko ranar da hadari ya rufe sama ta tsuke. Asalinta Kudancin Amurka, tsayinta santimita 10 zuwa 20, ganyenta sirara ne masu riƙe ruwa. Babu wadda ta kai ta sauƙi: a tsinki reshe mai tsawon yatsa, a soka a yashi, cikin mako guda ya kama. Tana jure kwanaki ba ban-ruwa, tana son rana tsantsa, kuma tukunya marar zurfi ko tsohuwar taya ta ishe ta. Aibinta biyu ne. Wanda ke fita aiki da sassafe ya dawo bayan la'asar ba zai riƙa ganin furenta ba sai ƙarshen mako, sannan marka tana narkar da ita, don haka ana ajiye 'yan rassa a ƙarƙashin rumfa domin sabon dashe. Kaji ma suna tsattsage ta.

Gajeren marigol

Tagetes patula ke nan, ɗan asalin Meziko da Gwatamala, mai fure ruwan ɗorawa ko ruwan lemo ko ja mai duhu, da ganye mai ƙamshi mai ƙarfi. Nau'o'i irin su Bonanza da Janie suna tsayawa a santimita 15 zuwa 30. Yana tsirowa cikin mako guda, ya yi fure kafin wata biyu, kuma idan kan furen ya bushe ana murza shi a ajiye irin a takarda don shuka ta gaba. Na shekara ɗaya ne, bayan wata uku ko huɗu yana ƙarewa, amma irinsa ba ya yankewa. Yana da wata fa'ida ga mai 'yar gonar tumatir ko kuɓewa a bayan gida, domin saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke rage ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa jijiyar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli, musamman idan an cika wurin da shi kafin a dasa kayan miyan. A bazara wasu jajayen ƙwari 'yan mitsi-mitsi masu saƙa kan tsotse bayan ganyensa har ya yi fari-fari; wanke ganyen da ruwa da fesa jiƙon 'ya'yan dogon yaro suna rage su.

Gajeriyar iksora

Iksora ƙaramin itace ne ɗan asalin kudancin Asiya, dangin kofi, mai dunƙulen furanni ja ko ruwan lemo ko ruwan hoda, kuma ana yin shingen ado da ita a gaban ofisoshi da gidajen Unguwan Rimi da Malali da Barnawa. A leda ake sayar da ita, farashin ɗaya matsakaici ne, amma layi yana cin da yawa. Tana shekaru masu yawa, damina kuma ba ta cutar da ita. Abin da take nema shi ne ruwa a kai a kai da rani, da ƙasa mai ɗan tsami. Wannan na biyun ne ke ba mutane wahala ba tare da sun gane ba: idan aka dasa ta a gindin sabuwar katanga inda ɓaraguzan siminti suka cakuɗa da ƙasa, ko ana zuba mata toka ko ruwan wanki, sabon ganyenta kan yi rawaya jijiyoyinsa su rage kore, alamar ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Ƙarin takin zamani ba ya gyara wannan. Ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin shanu su ne magani.

Ƙariya

Ita kaɗai ce 'yar gida a wannan jeri. Adenium obesum tana fitowa da kanta a busassun yankunan Sahel da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa, kuma da rani, lokacin da ta zubar da ganye, take cika da fure ruwan hoda mai fari a tsakiya. A daji tana wuce tsayin mutum, amma a tukunya girmanta a hankali yake, ana riƙe ta a ƙasa da rabin mita shekara da shekaru. Wadda aka tayar daga iri ita ke yin kumburarren gindin da ake sha'awa; ta reshe ba ta cika yinsa sosai ba. Ta gida tana da sauƙin kuɗi, amma masu ninkin fure da aka yi wa aure, wato aka haɗa reshensu da gindin wata, waɗanda galibi daga Tailan da Taiwan asalinsu yake, su ne mafi tsada a duk abin da aka ambata a nan. Rani ba ya yi mata komai. Agusta ce abokiyar gabarta, domin idan gindin ya jiƙe ya fara laushi, da wuya a ceto shi, don haka a cika tukunyarta da yashi mai tsakuwa da gutsattsarin gawayi, a kuma shigar da ita ƙarƙashin rufi idan marka ta kama. Ruwan jikinta guba ne mai taɓa zuciya, har maharba sun yi dafin kibiya da shi, saboda haka a wanke hannu bayan datsa, kuma kada a ajiye ta inda yaro mai rarrafe ko akuya za su kai.

Gajeriyar ruweliya

Na sa ta ne domin wanda launin ne ya ja shi zuwa furen balan-balan. Nau'in Katie na Ruellia simplex, 'yar asalin Meziko da Kudancin Amurka, ba ya wuce santimita 30, furensa shunayya ne mai sirkin shuɗi, yana buɗewa da safe ya zube da yamma, gobe wani ya fito. Tana jure jiƙa, tana jure fari, ana kuma raba gindinta a dasa. Matsalarta yaɗuwa ce, tana mamaye kunya idan ba a tsare ta a tukunya ba.

| Shuka | Farashi | Daɗewa a Kaduna | Sauƙin reno | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Furen balan-balan | Mai tsada | Galibi sanyi ɗaya | Mai wuya | Zafi, ruɓewar saiwa, jabun iri |
| Binka | Araha | Shekara biyu ko fiye | Mai sauƙi | Guba, ruɓewa a marka |
| Fotulaka | Mafi araha | Watanni, ana sabuntawa | Mafi sauƙi | Marka, kaji |
| Marigol | Araha | Wata uku zuwa huɗu | Mai sauƙi | Ƙwarin bazara |
| Iksora | Matsakaici | Shekaru masu yawa | Matsakaici | Ƙishirwa, siminti da toka |
| Ƙariya | Araha zuwa tsada | Shekaru masu yawa | Mai sauƙi da rani | Guba mai ƙarfi, ruɓewar gindi |
| Ruweliya | Araha | Shekaru | Mai sauƙi | Mamaye wuri |

Duk wadda aka zaɓa, jar ƙasar Kaduna ita kaɗai ba ta yi wa tukunya, domin tana daskarewa da rani tana kuma riƙe ruwa da damina. Kashi biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na takin da ya ruɓe sosai ya wadatar wa yawancinsu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Wa ya dace da wacce

Wanda ke sayen ruwa a jarka, ko yake yawan tafiya ya bar gida ba mai ban-ruwa, ya tsaya kan fotulaka da binka, ya ƙara ƙariya guda idan yana son abin da zai zauna. Gidan da ke da yara ƙanana ko dabbobi a sake ya fara da marigol da fotulaka da iksora, ya bar ƙariya da binka sai in akwai wuri mai tsawo da hannu ba ya kaiwa. Mai gidan kansa da ke da bohol, yana son layin ado a gaban gida wanda ba zai riƙa sabuntawa ba, iksora ce tasa, muddin ya kwashe ɓaraguzan gini kafin dashe. Ɗan haya da zai iya tashi kowane lokaci ya zaɓi abin da ke shiga tukunya ko ake tafiya da irinsa a aljihu, wato marigol da fotulaka da ruweliya. Mai kayan miya a bayan gida ya haɗa da marigol.

Wanda shuɗin fure kawai yake nema, ruweliya za ta ba shi abin da ya yi kusa da shi duk shekara da ɗan kuɗi kaɗan. Amma wanda ya riga ya saba da reno, yana da barandar da ke fuskantar gabas, kuma kumburin tohon nan shi kansa yake son gani, ya nemi Astra ko Sentimental Blue daga mai sayarwar da ke rubuta ranar da aka ƙulla irin a jikin fakiti, ya shuka tukunya biyu ko uku a Oktoba. Idan furen ya ƙare ya rage ban-ruwa, ya mai da tukwanen wuri mafi sanyi a gidan, ya kuma kare su daga ruwan Agusta, ko saiwar za ta sake toho.